Mode da Dattijan da Ba Su da Kunne

Mode mai zane na Bodinga bai taɓa wuce Gusau ba, amma tun ranar da wayarsa ta kai shi Papua ya hana kowa sakat a tasha. Hoton wani mai zane na can ya gani: manyan jakadun ƙasashe sun zagaye tebur suna musafaha a kan tsibirin Papua, hannuwa ƙatti kamar faranti, kunne ko ɗaya babu. A ƙasa an yi bayani, wai suna yanke magana kan ƙasar mutane ba su saurari masu ita ba.

"Wallahi wanga ɗan'uwana na!" in ji Mode.

Yana da dalili. Wasu ƙauyuka biyu na wajen Shagari sun yi sulhu kan burtali, aka bi da hanyar shanun ta tsakiyar gonar albasar innarsa Kulu, ba wanda ya ce mata uffan. Sai ga shi an kira shi ya zana sulhun a bangon zauren taro. Da baki ba ya iya tunkarar manya, amma da fenti? Ya zana masu garin biyu da dattijansu, hannuwa manya-manya, ya hana kowa kunne.

Ranar buɗewa ya tsaya kusa da ƙofa, ko da za a biyo shi da sanda. Aka yaye zanen. Sai kabbara da tafi.

Abokinsa Altine direba ya zungure shi. "Kai ɗan Papua, mutanen can suna naɗa rawani?"

Mode ya dubi bango. Ya naɗa wa kowa rawani har wuya. Wa zai nemi kunne a nan?

Mai garin da ya fi tsufa ya yafito shi. "Yaro, aiki ya yi kyau. Sai dai rawanin wancan ya ɗara nawa."

Mode ya durƙusa. "Ranka shi daɗe, ba ka ga wani abu ya ɓace ba?"

"Mi?"

"Kunnuwa."

"Kunne cikin rawani? Lahiyakka ƙalau?"

Zaure ya ɗauki dariya. Altine har da riƙe ciki.

"Ba rawanin ba na, ranka shi daɗe. Da gangan nih hana ku." Bakin Mode ya riga ya buɗe. "Kun raba gonar innata ba ku tambaye ta ba."

Dariya ta ɗauke. Mode ya fara auna nisan ƙofa.

Tsohon ya daɗe yana kallon bango. Sannan ya sa yatsa ya ture gefen rawaninsa, wani ɗan kunne mai furfura ya leƙo.

"To ga shi, ɗan nema. Tahi ka kirawo Kulu, tun ban maishe shi cikin rawani ba."