Murabus ɗin Ciyaman

Tana ɗaure igiyar takalmin wasa, waya maƙale tsakanin kunne da kafaɗa, sai aka turo ƙofar ɗakin. Ta ɗago za ta yi faɗa, ta ga mahaifiyarta tsaye riƙe da jaka.

"Mama! Saukar yaushe?"

"Au, kin gane ni? Madalla. Zuwa na yi a sa ni a layi. Sati uku ina kira ana ce min kina mitin."

A hostel ɗin mata Ciyaman ake ce mata, a filin ƙwallon raga kuma Kyaftin. A sashen kemistiri kuwa, inda aka turo ta karatu, ba ta da wani laƙabi, don an kwana biyu rabon su da ganin ƙeyarta.

Mama ta ture tarin rigunan 'yan wasa ta zauna a bakin gado. Kafin ta sha ruwa mutum uku sun shigo: wadda aka ɗauke wa bokiti, wadda abokiyar ɗakinta ke munshari, da mai ƙorafin famfon bene na biyu. Ciyaman ta saurari kowa, ta yi alkawarin dubawa.

"Ashe alƙaliya na haifa," in ji Mama. "Ni duk zatona digiri aka zo nema."

Ƙarfe sha biyu Dakta, malamin da ke duba aikinta na kammala karatu, ya ce ta kawo babi na uku. Ta tafi da babi na biyu, ga gumin atisaye, ga Mama a bayanta, don cewa ta yi ƙafarta ƙafar 'yarta.

Ofishin cike yake da takardu har kan kujeru, fanka tana juyi kamar an sa ta dole. Dakta ya sauke tabarau ya ƙare mata kallo.

"Baiwar Allah, wa kike nema?"

"Ni ce, Dakta. Ɗalibarka."

"Ikon Allah! Ni a allon sanarwa na saba ganin ki, riƙe da kofin gasa. Ashe kina magana." Ya buɗa takardun. "Wannan ai shi na gyara tun wata biyu da suka wuce. Ga jan birona nan, ko waƙafi ba ki taɓa ba. Mama, 'yarku ce?"

"Haka dai aka ce min a asibiti."

"To, ran Litinin zan miƙa sunayen masu kammalawa. In babi na uku bai iso ba, sai ta ƙara shekara. Ba wata asara ba ce, hostel na buƙatarta."

Suka fito kan matakala. Ciyaman ta zauna, ta kifa kai a gwiwa, hawaye na ɗiga kan takalmin wasan. Wannan karon Mama ba ta yi gatse ba. Ta dafa mata kafaɗa.

"Taura biyu ma ba ta taunuwa, ke uku kika cusa. Furzar da ɗaya, 'yar nan, tun ba ki shaƙe ba."

Ƙwallo dai ba za ta ajiyu ba. Wasan ƙarshe jibi ne, kuma a filin nan kaɗai kanta ke hutawa. Saura hostel.

Da yamma ta tara 'yan majalisar hostel a ɗakin kallo, ta karanta musu takardar murabus. Can sai mataimakiyarta, wadda rabonta da mitin tun ranar rantsuwa, ta miƙe ta gyara mayafi.

"Jama'a, wannan babbar magana ce, ba a yanke ta a tsaitsaye. A kafa kwamiti ya duba."

Kowa ya ce wannan haka yake.

"To wa zai jagoranci kwamitin?" in ji sakatariya.

Idanu suka juyo wuri guda. "Yo wa ya fi Ciyaman sanin aiki?" Tafi ya ɓarke, har da masu guɗa.

Ta buɗe baki za ta ce a'a. Da gaske a'a ɗin ta yi niyya. Sai kawai ta ji muryarta tana tambaya, "Yaushe za mu fara zama?"

Daga bayan ɗaki Mama ta miƙe, ta rataya jakarta.

"Ku sa ran Litinin," ta ce. "Ba ta da abin yi ranar."