Rawayar Bayan Nasarawo

Bayan unguwar Nasarawo akwai wani fili mai rairayi inda tsiron rawaya ke fitowa. Ba ta yin fure sai an ƙone daji. Wuta na wucewa da 'yan kwanaki za a ga furenta ɗorawa shar a kan toka, ko ganye babu. Inna Delu ta taso tana haƙar saiwarta, tana jiƙa wa masu ciwon shawara.

Da kuɗin mai suka shigo Gombe, aka yanka wurin fuloti-fuloti, aka bi shi da bulo. Abin da ya rage bai fi shingen awaki ba. Yuguda, ɗan farinta, direban babbar motar auduga, ya saye shi don ya faranta mata. Ya kewaye shi da waya, ya hana makiyaya cinna wuta, ya sa aka jibge masa takin shanu.

Ran Inna ya ɓaci, amma tun da ta haifi Yuguda ba ta taɓa kiran sunansa ba, balle ta tsaya ta yi masa faɗa. Kunyar ɗan fari ke nan. Sai ta aika surukarta Ladi ta gaya wa mai filin nan cewa rawaya wuta take so, ba taki ba. Ladi ta ga maganar ta yi nauyi a kai wa mutumin da ya yi alheri, ta ce masa Inna ta gode.

Damina uku ciyawa da ƙaya suka cinye wurin. Fure ko ɗaya bai fito ba.

Wata safiya da rani Inna ta ɗebo garwashi a kasko ta nufi filin. Ta tarar da Yuguda a can da wani sabon amalanken taki, yana fara'a.

"Yuguda," ta ce.

Shebur ya kuɓuce daga hannunsa.

"Wa ya ce maka gonar masara ce? Kun shimfiɗa siminti a kan danginta, ita da ta rage ka shaƙe ta da kashin shanu. Kauce mini."

Ya fara cewa ai ba wanda ya sanar da shi. Ta ce idanunsa fa, su ma aike suke jira? Ya ɗauki fartanya ya share gefen waya don kada wutar ta tsallaka gidajen mutane. Ta watsa garwashin.

Kullum da hantsi sai ta je ta duba. Inda takin ya zauna ba abin da ya fito. Can jikin waya, inda amalanke bai kai ba, fure biyu suka ɓullo.

Yuguda ya durƙusa nesa da ita, ya tambaya ko ya kawo ruwa.

"Kar ka kawo komai," ta ce, ba ta dube shi ba. "Ka kwashe takinka tukuna."