Kwanon Ruwa a Motar Gilashi

"Tamanin!" in ji ɗana, yana nuna fuskar wayarsa. "Ga shi nan na'urar mota ta rubuta. Na ce kada wanda ya wuce arba'in da gilashina, kai ka yi tamanin. Ajiye makullin."

Baba Direba bai ajiye ba, bai kuma mayar aljihu ba. Shekara ashirin da shida ke nan yana tuƙa motar shagon nan, tun maigidana na da rai.

"Na yi tamanin a babban titi, ban musa ba," ya ce. "Amma madubin nan ba a hannuna ya tsage ba."

"To a hannun wa? Aljanu?"

Ni ina kan kujerata kusa da fanka, wai gyangyaɗi nake. Kullum nan nake wuni, don gida shiru ya yi yawa, a shago kuwa kunne ba ya zama da yunwa.

Ga yadda abin yake. Shagon gilashi ne da madubi, mota ɗaya, direba biyu. Da safe Baba Direba ke ɗauko kaya daga sito a bayan gari. Ba a saukewa. Da rana sai ƙanin matar ɗana ya karɓa ya rarraba wa masu saye a cikin gari. Ni Mai Turare nake ce masa, don kafin ka gan shi hancinka ya riga ya gaishe shi. A wata ɗaya madubi huɗu aka sauke a tsage, shi ne ɗana ya sa dokar arba'in.

"Ni dai a duba," in ji Mai Turare, yana gyara agogo. "Ko arba'in da ɗaya ban taɓa yi ba."

Gaskiya ya faɗa, abin haushin ke nan.

Ana cikin haka jikata ta shigo, wadda ke koyar da kimiyya a makarantar 'yan mata. Malama muke ce mata. Ni ta zo ɗauka. Na yi mata ido, na rattaba mata labarin a kunne kafin ta ajiye jaka.

"Baba," ta ce wa ubanta, "kafin ka karɓi makulli, ara mini motar na minti ashirin. Da kwano."

"Nan ba aji ba ne, Malama."

"Ba ta mana," na ce. "Ko tsoron 'yarka kake ji?"

Ta cika kwanon wanke hannu da ruwa, saura kaurin yatsa ya kai baki, ta zaunar da ubanta a gaban mota, ta ɗora masa a cinya, a kan farar rigarsa. Ni na shige tsakiya tun ba a gayyace ni ba. Wa zai bari a ba shi labarin wannan? Malama ta hau baya wajen katakon jingina gilashi, tana leƙe ta 'yar taga, waya a hannu tana ƙirga daƙiƙa.

"Kawu, kai za ka fara."

Mai Turare ya take mai, motar ta zabura kamar an tsikare ta. Ƙeyata ta bugi kujera, ruwa ya yi baya ya wanke wa ɗana ciki. Ba mu yi nisa ba fitilar ba da hannu ta nuna ja. Bai taɓa birki ba sai da muka kusa shinshinar motar gabanmu, sannan ya danna gaba ɗaya. Na tafi gaba, ɗankwalina ya riga ni. Sauran ruwan ya sauka a takalmin ɗana.

"Arba'in cif," in ji Mai Turare, yana nuna allurar da ke auna gudu da alfahari.

"Sannu da ƙoƙari," na ce. "Haƙorana biyu ne suka rage, ka bar mini su."

Muka dawo, aka sake cika kwano, Baba Direba ya zauna. Jama'a, ban san lokacin da muka tashi ba. Na ga dai shagon mai walda yana wucewa ta taga. Yadda yake sa giya, sai ka ce jariri yake juyawa a barci. Muka hau babban titi, allura na hawa a hankali, hamsin, sittin, har tamanin. Na leƙa kwano. Ruwa na kwance abinsa, har ina ganin silin ɗin mota a ciki. Ɗana ya kalli allura, ya kalli kwano, ya sake kallon allura.

Can da nisa, inda ni ko fitilar ban hango ba, tsohon ya ɗage ƙafa daga mai.

"Me ya faru?" in ji ɗana.

"Ta daɗe da kore. Kafin mu isa za ta juya."

Ta kuwa juya. Ya shafi birki kaɗan-kaɗan, dab da tsayawa ma ya ɗan sassauta ƙafa, motar ta tsaya ba ko girgiza. Ruwan ya ɗan karkata gaba, ya leƙa bakin kwano, ya fasa fita. Shekara nawa ina ganin mutumin nan yana shan shayi a bakin shago, ban taɓa sanin abin da ke ƙafarsa ba.

Da muka koma shago Malama ta jawo wani yankakken madubi, ta yi rubutu a kai da alƙalamin da ake sa wa gilashi alama.

"Baba, gilashi bai san gudu ba. Canjin gudu yake ji. Duk abin da ke tafiya so yake ya ci gaba da tafiya, wanda ke tsaye kuma so yake a bar shi tsaye. In mota ta tsaya farat ɗaya, madubi bai ji labari ba, gaba zai ci, sai katako ya tare shi."

"Kamar ɗankwalina," na ce.

"Kamar ɗankwalinki, Kaka. Abin da ake dubawa shi ne nawa gudun ya canja, kuma a daƙiƙa nawa. Baba Direba ya sauko daga tamanin a daƙiƙa ashirin. Huɗu-huɗu ke nan yake ragewa a kowace daƙiƙa. Kawu ya sauko daga arba'in a daƙiƙa biyu."

"Ashirin-ashirin," in ji ɗana a hankali. Shi dai akwai shi da lissafi.

"Ninki biyar. Ƙarfin da ya bugi madubin ma ninki biyar ne. Tashi ma haka. Ƙara gudu da rage gudu abu ɗaya ne, inda suke tura ka ne ya bambanta. Wancan ya manna ka da kujera, wannan ya cire ka daga ita."

Baba Direba ya matso yana duban rubutun. Bai yi boko ba, ya fi ni ma rashin yi.

"Wato abin nan har a littafi yake?"

"Babi guda ne, Baba Direba. Wata biyu nake koyar da shi, rabin ajin ba sa ganewa."

"Ikon Allah. Ni dai wanda ya koya mini cewa ya yi, ka tuƙa kamar kayan ba a ɗaure suke ba." Ya sosa gemu. "Tamanin ɗin ma sai titi ya buɗe. Mai gudu dole ya hango nesa, don wurin tsayawarsa na da tsawo."

Ɗana ya tsaya yana ɗiga, riga manne da ciki. Na san abin da yake tunani: abin da zai tarar a gida in ya taɓa ƙanin matarsa. Na yi tari. Ba tarin ciwo ba.

"Baba Direba," ya ce, "mayar da makullinka aljihu. Ka yafe ni. Safe da rana duk kai za ka riƙa fita." Ya juya wajen Mai Turare. "Kai kuma daga gobe gefensa za ka zauna."

"Gefe? Ni? Ina da lasin fa!"

"Za ka riƙe kwano. Ranar da kai ma ka kai shi sito ka dawo da shi cike, sai a yi maganar tuƙi."

Ma'aikatan da ke yankan gilashi suka sunkuyar da kai, kafaɗunsu na rawa.

"Wallahi sai na gaya wa Yaya!"

"Ka gaishe ta," na ce. "Ka ce ta tanadar maka rigar ruwa."

Ya fizgi hularsa daga ƙusa, ya bangaje kujera, ya fita ya bugo ƙofa garam.