Wakilin Hajiya Rakiyatu

Ni tafinta ne a buron wani noter, wato ofishin lauyan da ke tabbatar da takardu, a Tamanrasset ta kudancin Aljeriya. Aikina shi ne in ɗauki maganar mutum daga Hausa in ajiye ta cikin Larabci yadda ya faɗe ta, ba ragi ba ƙari. Na yi rantsuwa a kan haka, kuma mutanenmu sun fi kowa ba ni wahala, don Bahaushe bai iya amsa tambaya sai ya zagaya ta bayan gida.

Ranar wata Alhamis da hantsi Hajiya Rakiyatu ta shigo. Duk wanda ke sayen atamfa a kasuwar Asihar ya san ta, mutuniyar Tasawa ce, mai baki kamar reza. Yanar ido ta rufe mata gani, har ta kai sai an riƙe mata hannu. Wanda ya riƙe ta kuwa Mahamane ne, magini, ƙato mai furfura a gemu, ɗanta na fari.

Likitan Alje, babban birnin ƙasar, ya ba ta ranar Lahadi don a yi mata aiki, motarsu kuma da asubar Juma'a za ta tashi, ita da ƙanwarta. Amma Hajiya ta rantse ba ta barin garin sai ta bar shagonta hannun wanda doka ta sani, mai iya karɓar kaya a dowan, wato kwastan, ya sa hannu a madadinta. Takardar wakilci ke nan. In ba a yi ta ranar ba, buro ba ya buɗewa sai Lahadi, likita kuma ya ce idon ba zai ƙara jira ba.

Noter Balarabe ne na arewacin ƙasar, siriri, mai haƙuri, ba ya ɗaga murya. Ya gama duba takardunsu, ya kira shaidu biyu saboda Hajiya ba ta gani, sannan ya ce in tambaye ta wa ta wakilta.

"Wanga," in ji ta, ta nuna gefenta da haɓa.

Na fassara. Noter ya ce yana son suna, da kuma abin da ke tsakaninsu.

"Ɗan yayata ne," in ji Hajiya, ko gezau.

Na san abin da ke faruwa tun kafin ta rufe baki. Kunyar ɗan fari ce. Tun da aka yaye Mahamane yayarta ta ɗauke shi, kuma tun da aka raɗa masa suna Hajiya ba ta taɓa furta shi ba. Shi ma Hajiya yake ce mata, kamar kowa a kasuwa. Amma rantsuwa rantsuwa ce, na fassara yadda ta faɗa.

Noter ya ɗaga takardar haihuwar Mahamane, ya ce nan an rubuta ita ce uwarsa. Ya ajiye alƙalami. Ya ce ba zai rubuta abin da baki ya faɗa daban, takarda ta faɗa daban ba.

Na nemi izini na bayyana masa al'adar. Ya saurara da kyau, har ya yi murmushi, ya ce tasa kakar ma ba ta taɓa kiran sunan mijinta ba. Na ce to ni in karanta sunan, ita ta gyaɗa kai. Ya ce a'a. Mace ce da ba ta gani, ba ta karatu, za ta miƙa duk abin da ta mallaka hannun wani. In ba ta ambace shi da bakinta gaban shaidu ba, gobe kowa na iya cewa an yi mata wayo. Haushi ya kama ni, don na san gaskiya ya faɗa.

Na juyo wurinta. "Hajiya, suna kawai yake so, da ki ce naki ne."

"Kai Idrisa, ba ka da kunya? Kai ma Balarabe ka zama? Mi ya hana ka hwaɗa mishi kai da ka sani?"

"Bakinki doka ke so, Hajiya, ba nawa ba."

"To doka ta riƙe takardarta." Ta fara laluben jakarta. "Idon ma na gode, na ga abin da na gani a duniya."

Ba wasa take ba, na san ta. Tausayinta ya kama ni, ga kuma takaici, mace za ta ba da idonta don kada ta faɗi kalma ɗaya.

Mahamane na zaune a gefenta, kansa na ƙasa. Sai ya miƙe, ya gyara mata mayafin da ya zame, ya ce, "Hajiya, bari in duba ko an buɗe wurin tikiti." Ya fita ya ja ƙofa. Babu wani tikitin da za a saya, tun jiya yana aljihunsa.

Hajiya ta daɗe tana murza bakin mayafinta.

"Ya tahi?"

"Ya fita, Hajiya."

Ta juya fuskarta wajen bango. Muryar da ta fito ba wadda ake ji a Asihar ba ce.

"Mahamane. Sunanshi Mahamane. Nawa ne, ni na haihe shi, a ɗakin uwata, ana ruwa. Ban taɓa samun wanda na yarda da shi kamarshi ba."

Na fassara duka, har da ruwan, ko da yake sunan da dangantakar kawai noter ya rubuta. Aka karanta mata takardar, na mayar mata da Hausa, ta dangwala yatsa, shaidu suka sa hannu. Ta goge tawadar a gefen zanenta tana mitar wai ba ta fita.

Na fito na iske Mahamane tsugune a inuwar katanga. Na ce masa an gama. Ya yi godiya, ya karɓi takardar, bai ko dube ta ba. Na juya zan koma, ya riƙo hannun rigata.

"Malam Idrisa, ta hwaɗa?"

"Ta faɗa."

"Ƙaƙa ta ce?"

Na maimaita masa kalma bayan kalma, yadda na saba. Ya saurara yana kallon ƙasa.

"A'a, sunan. Ƙaƙa ta hwaɗe shi?"

Na buɗe baki na faɗa, amma muryata ce ta fito, irin wadda yake ji kullum daga bakin kowa. Ya gyaɗa kai, ya ce in ƙara faɗa. Na ƙara.

Daga bakin ƙofa Hajiya ta ɗaga murya. "Kai, wanga! Nan za ka bar ni in kwana?"

Ya goge fuskarsa da hula, ya tafi da sauri ya kama mata hannu, don akwai matakala.