Ƙarshen Littafin Yana Gidimuni

"Idirisu ya dawo?" Mala Ari ya tambaye ni, tun ban gama cire takalmi ba.

"Bai dawo ba, Mala. An ce bai gama haɗa dabinonsa a Gidimuni ba."

"Dabinon banza," ya ce, ya juya fuska bango, tari ya sarƙe shi.

Katanga ɗaya ta raba gidana da na Mala Ari a cikin Birni. Shi marini ne, asalin Barno, ni kuma baduku. Tun kafin Nasara su kafa barikinsu a kan dutse muke taruwa a zaurensa duk Alhamis bayan la'asar. Malam Alkasum ya karanta Larabci ya juya mana da Hausa, mu kuma mu yi ta musu har ladan ya raba mu. Rabinmu ba mu iya karatu ba, amma wajen gardama kowa shehi ne.

Littattafan irin na dā ne, warƙa-warƙa, ba a ɗinke ba. Malam ya taɓa karance wani shi kaɗai a gida, ya zo yana yi mana murmushin wanda ya riga ya san komai. A ranar ce Mala Ari ya kafa doka. Duk littafin da muka samu za a raba warƙoƙinsa, kowa ya tafi da rabonsa gida, ya kawo da hannunsa in an iso wurin. Ƙarshen kuwa sai a ba Idirisu mai dabino, don shi ko bihim bai sani ba, balle ya leƙa.

Wanda muke kai a lokacin mun saye shi ne cikin kayan wani Balaraben Tarabulus da ya rasu a unguwar Zango. Labarin wani saurayi ne da ya bi ayari ya bar tsohon ubansa a gida. Duk Alhamis sai Mala Ari ya buga ƙasa da hannunsa mai shuɗin baba ya ce, "Zai dawo! Ku zuba ido." Mu da ba ma barin kowa ya ci musu, a nan kam sai mu yi shiru. Mun san ba saurayin littafi yake nufi ba. Ɗansa Gambo sojojin Faransa suka ɗora wa kaya suka yi gabas da shi, shekaru ke nan ba labari. Waɗanda suka dawo sun ce sun baro shi da zazzaɓi a hanya. Mala ya hana a yi masa sadaka. Matar Gambo, Sakina, tana nan cikin gida, ita ba mai aure ba, ita ba mai takaba ba, ƙuruciyarta tana ƙarewa a bakin murhu. Ina ƙaunar Mala, amma wannan abu ya daɗe yana ci mini rai.

Yanzu ga shi kwance, ga littafi saura kaɗan, ga ƙarshensa a Gidimuni. Na ɗaura wa jakina akumari na kama hanya.

Na tarar da Idirisu a gindin dabino yana ciniki. Na ce ya ba ni warƙoƙin in koma da su.

"Kai, Suma'ila, ka manta doka? Da hannuna zan kai."

"Mai dokar ne ke mutuwa, Idirisu."

Ya dube ni, ya dubi dabinonsa, ya bar wa ƙanensa ciniki. Ashe warƙoƙin suna rataye a wuyansa cikin gafaka, kamar laya.

Ranar Talata muka shigo gari da hantsi. Ba wanda ya ce a jira Alhamis. Muka cika ɗan ɗakin Mala, gwiwa na gugar gwiwa, Sakina na tsugune a bayan asabari da ƙwaryar kunu. Malam Alkasum ya karɓi warƙoƙin ya fara. Saurayin ya kama hanyar gida, ya ƙetare sahara, ya iso wata rijiya. Mala ya ɗan ɗaga kai yana kallona, wai in gani.

Sai Malam ya tsaya. Na ga idonsa ya riga bakinsa sauka ƙasan warƙa. Ya gyara rawani, ya yi gyaran murya.

"Mala, nan tawada ta ɗan jiƙe. Ko mu bari sai..."

"Alkasum," Mala ya ce a hankali, "karanta abin da ke rubuce. Ba ni da wata Alhamis."

Malam ya karanta. Zazzaɓi ya kayar da saurayin a bakin rijiyar, a ƙasar da ba mai jin harshensa. Wata tsohuwa ta ɗiga masa ruwa a baki har ya cika. Mutanen ƙauyen suka yi masa wanka, wani ya ba da mayafinsa aka yi likkafani, suka kai shi.

Idirisu yana share ido da hannun riga, kamar shi ya kashe yaron. Ni kuwa tsoro ya kama ni, na ce mun ƙarasa tsoho da hannunmu.

"Ba su san sunansa ba?" Mala ya tambaya.

"Ba su sani ba."

"Kuma suka yi masa salla?"

"Sun yi, Mala. Har da limaminsu, haka aka rubuta."

Ya daɗe yana kallon azara. Sannan ya sauke numfashi ya ce, "To. Ashe can ma akwai mutane."

Ya juya wajen ƙofa. "'Yata, kina nan?"

"Ina nan, Baba."

"Ki jiƙa gero. A yi wa Gambo sadaka." Ya tsaya ya huta. "Na tsare ki da yawa. Ki yafe mini."

Muka ji ƙwaryar ta taɓa ƙasa, sai kuka, irin wanda ya daɗe yana jiran izini. Ni ma ban ɓoye nawa ba.

Washegari bayan azahar Mala Ari ya cika, ina riƙe da hannunsa. Muka kai shi kafin la'asar.

Ran sadakar uku na fito da safe na ga Sakina a ƙofar zaure, ta tsefe kanta, ta yafa farin zanen takaba. Ta ajiye ƙwarya biyu na gumba gefe da gefe, 'yan unguwa sun kewaye ta da hannuwa a miƙe. Wata ƙaramar yarinya ta tambaye ta me ya sa biyu.

"Wannan ta Baba ce," in ji Sakina. "Wannan kuma ta ɗansa."

Ta gutsura daga kowace, ta haɗa su a tafin yarinyar.