Gishirin Bakin Zani

Kaka ta dire kular abinci a kan teburin malamar kimiyya, har alli ya gangara ƙasa.

"Buɗe ki ɗanɗana," ta ce. "Ni ban yi boko ba, amma na san miya. Wannan miya ce ko ruwan wanke hannu?"

Malamar ta gaishe ta, ta jawo mata kujera. Kaka ta ƙi zama, don ƙara ta kawo, ba hira ba. Tun da aka koma makaranta jikarta, takwararta, ta canza baki. Ba ta son gishiri, ba ta son mai, kullum ganye da wake da kifi. Ga shi tukunya ɗaya ake ɗorawa a gidan, yarinyar ce kuma mai girkin yamma. Abin ya kai Kaka na ƙulla gishiri a bakin zani tana barbaɗawa a ɓoye, kamar ɓarauniya a gidanta.

"'Ya'yan mutane na shan lemon kwalba da biskit, kumatu cike. Tawa kun mayar min da ita akuya. Ku kuka zuga ta, ku za ku warware."

"Mama, ban ma kai wannan darasin ba," in ji malamar. "Ita ta same ni bayan an tashi, tana tambayar abin da mai hawan jini zai ci. Ta ce akwai wata tsohuwa a gidansu da likita ya hana gishiri, tsohuwar kuma ta rantse ba za a ware mata kwano kamar majinyaciya ba."

Nan take Kaka ta gane da ita ake. Rantsuwar tata ce, a ƙofar asibiti ta yi ta.

Ta taga ta hango takwarar zaune a baranda, an fito tara. Wata ƙawa ta miƙo mata soyayyen dankali mai gishiri. Yarinyar ta shinshina, ta lumshe ido, ta mayar tana dariya, sannan ta buɗe nata kwanon. Wannan fa ita ce wadda tana ƙarama ake ƙwace mata gishiri a tafin hannu tana kuka.

Kaka ta ɗauki kularta. "Kada ki ce mata na zo."

Da yamma takwara ta zuba abinci, ta zauna tana satar kallonta. Kaka ta kai loma ɗaya, ta yamutsa fuska.

"Yau hannunki ya zarce. Gishiri ya yi yawa."

"Kaka, ɗan mitsitsi fa na sa."

"Bakina ne ko naki? Gobe ki rage."

Da yarinyar ta fita ɗebo ruwa, Kaka ta kwance bakin zani, ta juye ƙullin cikin gwangwanin gishiri, ta dawo ta cinye kwanonta tas tana mita.