Ciyawar Kabarin Tae-bong

A nan tsibirin Jeju, idan watan gyaran kaburbura ya kama, ni kaɗai ce a unguwarmu ba ni da wurin zuwa. Kowa ya ɗauki lauje ya nufi tudu, ni kuwa sai zaman bakin teku. Mijina yana ciki. Lokacin yaƙi 'yan sanda suka loda shi da wasu mutane a jirgin ruwa, jirgin ya dawo ba su.

Wanda ya loda su maƙwabcinmu ne, Yang Tae-bong, ɗaya daga cikin 'yan sandan. Ko sau ɗaya bai tsaya gaban alƙali ba. Ya tsufa, ya yi teɓa, ya mutu a kan shimfiɗarsa jikoki na ta kuka. Kabarinsa har da katangar dutse. Duk sanda matarsa Chun-hwa ta wuce da laujenta, baƙin ciki kamar ya kashe ni. Ni bukatata ba ta wuce in san inda aka zuba su ba, in riƙa kai wa mijina shinkafa daidai wurin. Da sana'ar nutso a tekun nan na ci da ɗana, ban sani ba ko ta kan ubansa nake wucewa.

Bana 'ya'yan Chun-hwa ba su zo ba, sai ta leƙo.

"Maman Yeong-su, ciwon bayan nan zai ƙarasa ni. Ke kam kin huta, ba ki da ciyawar yanka."

"Kawo ciwon bayan, in ba ki hutun," na ce.

Ta yi dariya, ta ɗauka wasa nake.

Na bi ta, don na san da wuya namiji ya mutu bai gaya wa matarsa komai ba. Na durƙusa ina yanka, kuma abin haushi, aikin ya yi mini daɗi. Ita tana zaune tana zuba masa giya, tana yi masa faɗa a kan rufin da ya bar mata yana yoyo. Har faɗan nan sai da na yi kishinsa.

"Yaya," na ce, "bai taɓa faɗa miki inda jirgin ya tsaya ba?"

Ta ajiye kwalbar. "Na tambaye shi, saboda ke. Ya yi ta tunani fa, har ya ba ni tausayi. Sai ya ce, wane jirgi daga ciki?"

Ta nuna da haɓa. "Ga can wajen kansa kin bar ciyawa."

Na matsa na yanke.